Karɓar kuɗi ta banki nan take, dare ko rana: Yadda tsarin ke aiki da abin da ya kamata mai asusu ya sani

Ɗan kasuwar da ya sauke buhunan albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas da asubahi, a yau yana iya karɓar kuɗinsa a asusun banki tun direban da ya kawo kayan bai gama naɗe tamfol ba. Daga nan ya tura wa iyalinsa da ke Aliero kuɗin cefane, ya biya direba, ya sallami 'yan dako, duk kafin ƙarfe takwas na safe da ake buɗe ƙofofin bankuna. Ranar Asabar ce ko Lahadi, hutun Sallah ne ko na Kirsimeti, duk ɗaya ne.

Sai dai wannan sauƙi ya zo da nasa rikicin. Kusan babu kasuwar da ba ta san gardamar nan ba, inda mai saye ke rantsuwa an cire masa kuɗi, mai sayarwa kuma na cewa shi bai ga komai ba. Akwai kuma waɗanda suka saki kaya saboda saƙon da ya shigo wayarsu, daga baya suka tarar babu ko kwabo a asusu. Sau da dama abin da ke jawo irin wannan asara shi ne rashin sanin hanyar da kuɗin ke bi, da inda yake iya maƙalewa, da kuma abin da doka ta ɗora wa bankuna.

Wane ne ke tafiyar da tsarin?

Tsarin da ke ɗaukar kuɗi daga wani banki zuwa wani nan take a Najeriya shi ake kira NIP. Kamfanin NIBSS ne ke tafiyar da shi, wato kamfanin da ke daidaita lissafin kuɗi tsakanin bankuna. An yi masa rajista a shekarar 1993, ya fara aiki a 1994, kuma mallakar Babban Bankin Najeriya, CBN, ne tare da bankunan da ke da lasisi.

Kafin zuwan NIP, wanda ke son biyan wani da ke ajiya a banki dabam yana da zaɓi kaɗan. Ko dai ya ciro tsabar kuɗi ya kai da hannunsa, ko ya rubuta caki a jira kwanaki kafin ya wanke, ko kuma ya bi ta tsarin NEFT, wanda ke tara umarnin biya ya tura su a dunƙule a wasu sa'o'i ƙayyadaddu na ranakun aiki. Shi ya sa fataken shanu da na hatsi suka daɗe suna tafiya da damman kuɗi a jiki tsakanin kudu da arewa, da duk haɗarin da ke cikin haka.

A shekarar 2011 NIBSS ya ƙaddamar da NIP. A daidai wannan lokaci aka koma amfani da lambar asusu ta bai-ɗaya mai lambobi 10, wadda ake kira NUBAN, abin da ya sa kwamfutocin bankuna daban-daban suka fara gane asusun juna ba tare da ruɗani ba. A watan Janairun 2012 CBN ya fara gwajin shirin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas, a Yulin 2013 ya faɗaɗa shi zuwa Kano, Abiya, Anambra, Ogun, Ribas da Abuja. A watan Fabrairun 2014 kuma aka ƙaddamar da lambar tantancewa ta BVN mai lambobi 11.

Idan aka kwatanta da wasu ƙasashe, Najeriya ta shiga wannan fage da wuri. Birtaniya ta fara nata tsarin a 2008, amma ƙasashen da ke amfani da kuɗin Yuro sai a 2017 suka samu na bai-ɗaya, Brazil a 2020, yayin da babban bankin Amurka bai ƙaddamar da nasa ba sai a Yulin 2023.

Matakan da kuɗin ke bi

Abin da mai waya ke gani a matsayin danna maɓalli ɗaya, a zahiri saƙonni ne da dama ke kai-komo cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Da farko mai turawa zai rubuta lambar asusu ya zaɓi banki. Bankinsa zai aika tambaya ta hannun NIBSS zuwa bankin mai karɓa: wannan lamba ta wane ne? Amsar ita ce sunan da ke bayyana a fuskar waya. Wannan mataki shi ne damar ƙarshe ta gyara kuskure.

Na biyu, bayan mai turawa ya shigar da lambar sirrinsa, bankinsa zai cire kuɗin daga asusunsa, ya aika wa NIBSS umarnin biya. Kowane umarni yana da lambarsa ta musamman mai lambobi 30, wadda ake rubuta wa Session ID a jikin rasit.

Na uku, NIBSS zai miƙa umarnin ga bankin mai karɓa. Bankin zai duba ko asusun na aiki, ko an sa masa takunkumi, ko kuɗin zai wuce iyakar abin da aka yarda ya riƙe. Idan babu cikas sai ya zuba kuɗin, ya mayar da amsa cewa an yi.

Na huɗu, bankunan biyu za su sanar da abokan hulɗarsu ta manhaja, ta imel ko ta saƙon tes, wato abin da kowa ke kira alat.

A lura cewa alat shi ne na ƙarshe, kuma ba ya cikin hanyar da kuɗin ke bi. Saƙon tes yana biyowa ne ta layukan kamfanonin sadarwa. Don haka kuɗi na iya shiga alat ya makara, kamar yadda saƙo na iya shigowa alhali ba daga banki ya fito ba.

Me ya sa ba a jiran banki ya buɗe?

Domin a lokacin da ake turawa, babu takardar kuɗi ko ɗaya da ke tashi daga wani banki zuwa wani. Bankin mai karɓa yana zuba wa abokin hulɗarsa kuɗin ne nan take bisa alƙawarin cewa bankin mai turawa zai biya shi. NIBSS na riƙe da lissafin duk abin da ya wuce. A wasu lokuta ƙayyadaddu sai a haɗa jimilla, a cire abin da kowane banki ya tura daga abin da aka turo masa, a biya bambancin kawai daga asusun da bankunan ke da su a CBN. Don kada wani ya gaza biya, ana sa bankuna su ajiye kadarorin jingina.

Misali, idan abokan hulɗar wani banki sun tura Naira biliyan 10 zuwa banki na biyu, na biyun kuma suka turo biliyan 9, abin da zai sauya hannu tsakanin bankunan biliyan ɗaya ne kacal. Tsari ne mai kama da na 'yan kasuwar da suka yarda da juna, kowa na karɓar kaya yana rubutawa a littafi, sai an tashi kasuwa a zauna a yi lissafi. Bambancin shi ne nan kwamfuta ce ke riƙe da littafin, ita kuma ba ta tashi daga aiki.

Girman hada-hadar

Alƙaluman NIBSS sun nuna cewa a 2022 an tura kimanin Naira tiriliyan 387 ta wannan tsari. A 2023 adadin ya kai kusan tiriliyan 600, cikin turawa sau biliyan 9.7. A 2024 kuma ya haura tiriliyan 1,000, cikin turawa sama da sau biliyan 11.

Babban abin da ya ingiza jama'a shi ne sauya fasalin takardun Naira 200, 500 da 1,000 da CBN ya sanar a watan Oktoban 2022. Ƙarancin tsabar kuɗin da ya biyo baya a watannin Fabrairu da Maris na 2023 ya tilasta wa mai shayi, mai kayan miya, ɗan acaɓa da mai sayar da ruwa karɓar taransifa, ko sun so ko ba su so ba. A lokacin manhajojin bankuna da dama sun kasa ɗaukar cunkoson, lamarin da ya sa mutane da yawa suka buɗe asusu a kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya. Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardun, amma al'adar tura kuɗi ta riga ta zauna.

Abin da mai karɓa ke buƙata

Mai karɓa ba ya buƙatar intanet, ba ya buƙatar babbar waya, ba ma ya buƙatar wayarsa ta kasance a kunne kafin kuɗi ya shiga. Abin da zai bai wa mai turawa biyu ne: lambar asusu da sunan banki. Kati, lambar sirri, BVN ko lambar da banki ke turowa ta tes ba su da wani aiki wajen karɓar kuɗi. Duk wanda ya nemi ɗaya daga cikinsu da sunan zai turo maka kuɗi, cirewa yake son yi.

Asusun na iya kasancewa a bankin kasuwanci, ko bankin da ba ya ta'ammali da kuɗin ruwa irin su Jaiz da TAJ, ko ƙaramin banki irin su Moniepoint da Kuda, ko kamfanin hada-hadar kuɗi ta waya irin su OPay da PalmPay, ko kuma bankunan biyan kuɗi na kamfanonin sadarwa, wato MoMo na MTN da SmartCash na Airtel. Duk suna haɗe da juna ta NIP.

Amma asusu hawa-hawa ne. Bisa ƙa'idar CBN, asusun mataki na ɗaya, wanda ake buɗewa da bayanai kaɗan, ba ya riƙe sama da Naira 300,000. Na mataki na biyu iyakarsa Naira 500,000. Na mataki na uku ne ba shi da iyakar ajiya. Dillalin da ya sayar da sa ɗaya a kara ya ba da asusun mataki na ɗaya, zai iya tarar da an ƙi karɓar kuɗin, ko an karɓa an riƙe har sai ya ɗaga matsayin asusun. Wanda ke sa ran kuɗi mai kauri, gara ya gyara wannan tun kafin ranar ciniki.

Haka kuma a watan Disambar 2023 CBN ya ba da umarnin cewa dole asusun mataki na ɗaya ya kasance haɗe da BVN ko lambar ɗan ƙasa ta NIN, na mataki na biyu da na uku kuma da duka biyun, tare da gargaɗin dakatar da hada-hada a asusun da bai cika sharaɗin ba daga 1 ga Maris, 2024.

Shi ma mai turawa yana da iyaka. Ta lambobin USSD, irin su *737# na GTBank, *894# na First Bank, *919# na UBA, *966# na Zenith da *901# na Access, ƙa'idar CBN ta tsayar da Naira 100,000 a rana. Ta manhaja ko intanet kuwa, mutum na iya kaiwa Naira miliyan 25, kamfani miliyan 250, amma bayan ya sanya hannu a takardar ɗaukar alhaki a bankinsa.

Nawa ake cira?

Jadawalin caji na CBN da ya fara aiki a Janairun 2020 ya tsayar da Naira 10 ga abin da bai wuce Naira 5,000 ba, Naira 25 daga 5,001 zuwa 50,000, sai Naira 50 ga abin da ya haura haka. Mai turawa ne ke biya, kuma ana ɗora harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan cajin, ba a kan uwar kuɗin ba.

Akwai kuma harajin gwamnati na Naira 50 a kan duk turawar da ta kai Naira 10,000 zuwa sama. A da daga asusun mai karɓa ake cire shi, kuma daga 1 ga Disamba, 2024 aka faɗaɗa shi zuwa kamfanonin hada-hadar kuɗi ta waya. Sabuwar dokar haraji da ta fara aiki a Janairun 2026 ta mayar da shi wuyan mai turawa. Mai amfani da USSD kuma yana biyan Naira 6.98 a kan kowane zagaye, wanda tun 2025 aka koma cirewa daga kuɗin kiran da ke layinsa.

Idan an cire amma bai shiga ba

Kuɗi na iya tsayawa a wurare uku: a bankin mai turawa, a kan hanya, ko a bankin mai karɓa. Dalilan sun haɗa da cunkoso, musamman ƙarshen wata da jajibirin Sallah, da gyaran na'urori da bankuna kan yi cikin dare, da katsewar layin sadarwa. A ranar 14 ga Maris, 2024, lalacewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma ta durƙusar da hada-hadar bankuna da dama a Najeriya, ko da yake kuɗin kowa na nan a asusunsa.

Doka ba ta bar abin kara zube ba. Ƙa'idar da CBN ya fitar a 2018 kan tura kuɗi nan take ta tanadi tarar Naira 10,000 a kan bankin da ya jinkirta zuba wa mai karɓa kuɗinsa fiye da minti huɗu bayan umarnin ya iso gare shi. Ta kuma tanadi irin wannan tara a kan bankin da bai mayar wa mai turawa kuɗin da ya gaza wucewa ba cikin sa'o'i 24.

Matakan da suka dace su ne kamar haka. Kada mai turawa ya yi gaggawar sake turawa, domin na farkon na iya shiga daga baya a biya sau biyu. Ya duba ko an cire kuɗin, ya adana rasit, ya kwafi lambar nan mai lambobi 30. Da ita ce bankinsa zai gano inda kuɗin ya tsaya, kuma da ita ce mai karɓa zai tunkari nasa bankin. Duk wanda ya kai ƙorafi ya nemi a ba shi lambar shaidar ƙorafin. Idan mako biyu suka wuce banki bai warware matsalar ba, yana da damar ɗaukaka ƙara zuwa Sashen Kare Haƙƙin Masu Hulɗa da Bankuna na CBN, ta ofisoshinsa da ke jihohi ko ta adireshin cpd@cbn.gov.ng, tare da kwafin ƙorafin da ya fara kaiwa.

Alat na bogi da rasit na bogi

Nan ne mai karɓa ya fi fuskantar asara. 'Yan damfara kan aiko da saƙon tes mai kama da na banki, ko su nuna hoton rasit da aka ƙirƙira, mai ɗauke da sunan mai kaya da adadin kuɗi da lokaci. Sukan zaɓi lokacin da ciniki ya yi zafi ko dare ya yi, su matsa wa mai kaya da cewa suna sauri, idan ya yi jinkiri su ɗora laifin a kan rashin sabis.

Rasit, ko da na gaskiya ne, shaida ce kawai cewa an ba da umarnin biya. Abin da ke tabbatar da biya shi ne mai karɓa ya buɗe manhajar bankinsa ko ya danna lambar USSD a wayarsa shi da kansa, ya ga ragowar kuɗinsa ta ƙaru, ya kuma ga sunan mai turawa a jerin abubuwan da suka shigo. Gani ya kori ji. Ba a dubawa a wayar mai saye, kuma ba a dogara da adadin ragowar da aka rubuta a cikin saƙon tes, domin shi ma ana iya ƙirƙirar sa.

Mai shagon da ke barin yara a wurin ciniki zai iya buɗe asusun kasuwanci dabam, mai na'urar POS ko manhajar da ke nuna abin da ya shigo ba tare da ba da damar cirewa ba. Idan kuɗi ya maƙale tsakani da Allah, hanya mafi adalci ita ce a ajiye kayan da sunan mai saye har ya shiga. Wanda aka yi wa alat na bogi kuma ya kai rahoto ga 'yan sanda ko hukumar EFCC, domin laifi ne ƙarƙashin dokar zamba ta 2006 da dokar laifukan intanet ta 2015.

Kuɗin da ya shigo bisa kuskure

Saurin tsarin na nufin cewa da zarar kuɗi ya shiga, mai turawa ba shi da ikon janye shi da kansa. Wanda ya tura wa asusun da ba shi ya nufa ba, sai ya sanar da bankinsa cikin gaggawa, bankin ya tuntuɓi ɗaya bankin. Idan mai asusun ya amince, a mayar. Idan ya ƙi, yawanci sai an samo umarnin kotu.

Wanda kuɗin da bai sani ba ya faɗo asusunsa, kada ya taɓa shi. Ba nasa ba ne a shari'a, ba nasa ba ne a doka, kuma kashe shi na iya kai mutum gaban alƙali. Kada kuma ya tura shi zuwa wani asusu saboda wani ya kira shi yana roƙo. Ɓarayi kan bi da kuɗin sata ta asusun mutanen da ba su ji ba ba su gani ba, idan bincike ya taso a rufe asusun wanda ya taimaka. Hanyar tsira ita ce a sanar da banki a rubuce, a bar shi ya mayar da kuɗin inda ya fito. Saboda wannan dalili ne ma bai kamata mutum ya ba da aron asusunsa a karɓi kuɗin da bai san tushensa ba.

Bayan kuɗin ya shiga

Kuɗin da ya zauna a asusu yana da kariyar Hukumar Inshorar Ajiyar Kuɗi ta Najeriya, NDIC, idan banki ya durƙushe. A 2024 hukumar ta ɗaga iyakar abin da take biyan kowane mai ajiya zuwa Naira miliyan 5 a bankunan kasuwanci, da miliyan 2 a ƙananan bankuna. Ɗan kasuwar da ke karɓar ciniki mai yawa ya kamata ya san irin lasisin da inda yake ajiya ke da shi.

Ya kamata a sani kuma cewa NIP na aiki ne da Naira a cikin Najeriya kawai. Biyan kuɗi zuwa Gana ko wata ƙasar Afirka yana bin wasu hanyoyi dabam, ciki har da tsarin PAPSS da bankin Afreximbank ya ƙaddamar a birnin Accra a Janairun 2022, domin 'yan kasuwa su riƙa biyan juna da kuɗaɗen ƙasashensu ba sai sun nemi Dala ba. A cikin gida kuwa, NIBSS ya gabatar da wani sabon tsari a 2025 mai suna NPS, wanda ake son ya gaji NIP sannu a hankali, ya riƙa ɗaukar cikakken bayani tare da kowace turawa.

Ko da wane suna tsarin ya koma, abubuwan da ke hannun mai karɓa ba su sauya ba: ya tabbatar asusunsa na da matsayin da zai ɗauki kuɗin da yake jira, ya ba da lambar asusu da sunan banki kaɗai, ya duba ragowar kuɗinsa a wayarsa kafin ya saki kaya, idan kuma an samu tangarɗa ya nemi lambar nan mai lambobi 30 ya nufi bankinsa da ita.